INA SUNAYEN MAZAN JIYANMU? JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON SHEKARA-SHEKARA NA ƘUNGIYAR TSOFAFFIN ƊALIBAI A FUNTUA



Da farko ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru, suka fi ni ilmi, suka kuma fi ni iya tsayuwa gaban jama'a. Lokacin da Sakatare ya kira ni ya ce ni zan yi jawabin bana, ya ɗauka zan yi magana a kan aikin gwamnati, ko a kan tsadar taki, tun da ya san a nan bakina ya fi kaifi. Na roƙe shi ya bar ni in kawo wata magana dabam, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Idan na yi tuntuɓen harshe, malamaina suna nan zaune, kuma na san har yanzu jan birensu bai bushe ba.

Kafin in shiga magana, ina roƙon kowa ya ɗaga kai ya dubi bangon da ke hannun damanmu. Ga allo nan mai ɗauke da sunayen shugabannin makarantar nan tun daga na farko, ga kuma na shugabannin ɗalibai kusa da shi. Ɗazu na ga wani yayanmu ya jawo ɗansa har gaban allon, ya sa yatsa yana nuna masa sunansa. A kan irin wannan allo zan yi magana, amma na wasu mutane dabam, waɗanda ba mu rubuta ba.

ALLON DA NA GANI A INGILA

A shekarar 2019 ma'aikatarmu ta tura ni wani gajeren kwas a Ingila. Wata Asabar aka fita da mu yawon buɗe ido wani ƙaramin ƙauye, ruwa ya tsuge, muka fake a cikin tsohuwar majami'ar garin. Ina shiga sai idona ya faɗa kan wani allon katako a jikin bango, an rubuta sunaye a jere da ruwan zinariya, wasu an sa musu 'yar alama a gefe. Wata tsohuwa mai share wurin ta ga na tsaya ina kallo, ta matso ta yi mini bayani. Ta ce sunayen mutanen ƙauyen ne da suka tafi yaƙin duniya na farko, na 1914 zuwa 1918, da na biyu, na 1939 zuwa 1945. Waɗanda aka sa wa alama su ne ba su dawo ba. Ta sa yatsa kan wani suna ta ce ƙanen kakanta ne, ɗan ƙodago ne a gonar wani mai kuɗi, bai cika shekara ashirin ba ya tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka jera sunayen. An bi haruffa ne kawai, ba a bi muƙami ko dukiya ba. Ɗan mai gona da ɗan ƙodagonsa suna layi ɗaya. Kuma ba matattu kaɗai aka rubuta ba, har da waɗanda suka je suka dawo da ransu.

Daga baya na bi diddigin abin. Tun a 1915 hukumomin Ingila suka hana a riƙa komowa da gawawwakin sojoji gida, duk wanda ya faɗi a Faransa ko Beljiyam can ake binne shi. Mutuwar kuwa ba kaɗan ba ce. A rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, ranar da aka fara gwabzawa a bakin kogin Somme, sojojin Ingila 19,240 suka mutu. Iyaye ba su ga gawa ba, ba su da kabarin da za su ziyarta. Saboda haka mutanen kowane ƙauye suka yi karo-karo, suka nemi kafinta da mai rubutu, suka kafa allo a wurin da suka fi haɗuwa. A wasu garuruwa majami'a ce, a wasu makaranta, a wasu tashar jirgin ƙasa ko masana'anta. Haka aka yi a Ostareliya da Kanada da Niyu Zilan. Ba gwamnati ce ta yi musu yawancin waɗannan alluna ba, mutanen gari ne suka yi abinsu da kuɗin aljihunsu. Har gobe, ranar 11 ga Nuwamba ko Lahadin da ke kusa da ita, a majami'u da yawa akan tsaya a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar nan ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya. Ta ce, "Ku ma mutanenku sun yi yaƙin?" Na ce ƙwarai kuwa, har da na gidanmu. Sai ta ce, "To, a ina kuka rubuta sunayensu?" Jama'a, na yi digiri, na yi shekaru ina rubuta takardun gwamnati, amma ranar nan na rasa amsar da zan ba tsohuwa mai tsintsiya a hannu.

BABA SOJA

Na gidanmu da na ambata wan kakana ne, wanda duk unguwa ake kira Baba Soja. Na tashi na same shi tsoho tukuf, yana zama a zaure kan buzu, kullum da tsohuwar hular sanyi ko da rani ne. Yana da wani gwangwani da yake ajiye littafinsa na sallama daga soja da lambobin yabo, cikinsu har da wata tauraruwa mai ƙyalle ja da shuɗi da ruwan lemo, wadda daga baya na gane ita ce lambar da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Bama. In ya ga dama yakan tara mu ya ba mu labarin jirgin ruwa, da tekun da ba a ganin gaɓarsa, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga cikin takalmi su sha jinin mutum bai sani ba. Mu kuwa yara ne, dariya muke yi, mukan ce Baba ya fara. Abin da muke jira kawai shi ne ya ƙame ya sara mana, mu kwashe da ihu.

A duk labarinsa akwai mutum ɗaya da ba ya fita bakinsa, wanda yake kira "abokina na Malumfashi". Ya ce Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, tare suka hau jirgin ƙasa a tashar Funtua. Shi Baba yana riƙe da bindiga, abokin kuwa yana cikin masu ɗaukar kaya a ka. Ya ce da zazzaɓi ya kayar da shi a daji, abokin nan ne ya haɗa kayansa da nasa ya ɗauka, ya kuma riƙa jan sa har suka isa sansani. Bayan 'yan makwanni aka harbe abokin a wajen wani ƙetaren kogi. Baba ya dawo, ya yi aure, ya yi noman audugarsa, ya ga jikoki. Abokin yana can.

Baba Soja ya rasu ina aji huɗu na firamare. Littafin sallamar gara ta cinye. Lambobin kuwa, ina jin kunyar faɗa, mu muka yi wasa da su a tsakar gida har suka watse, na tabbata ƙarshensu buhun 'yan gwangwan. Da na dawo daga Ingila na zauna gaban kwamfuta zan nemi abokin Baba a cikin jerin sunayen waɗanda suka mutu a Bama, sai na ga ashe ban san abin da zan rubuta ba. Shekara da shekaru ina jin labarin mutumin nan, ban taɓa cewa, "Baba, yaya sunansa?" ba. Na zaga dangi, duk wanda na tambaya sai ya ce shi ma abokin Baba na Malumfashi ya sani. In ba don wannan bawan Allah ba, da wani reshe guda na gidanmu bai wanzu ba, ga shi ko sunansa ba mu riƙe ba.

SU WANE NE SUKA TAFI, INA KUMA SUKA JE?

Malaminmu na tarihi, wanda nake hange can a sahun gaba, ya sa mun haddace shekarun yaƙin Hitila har muna iya faɗinsu cikin barci. Allah Ya saka masa da alheri. Amma manhajar da aka ba shi ta fi ba da ƙarfi a kan abin da ya faru a Turai. Bari in ɗan cike giɓin da abin da ya shafe mu.

Sojojin Nijeriya na zamanin Turawa suna cikin rundunar Afirka ta Yamma da aka fi sani da Waf, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897. Sunanta ne tsohon titin Waf na Kaduna ya ɗauka, wanda yanzu ake kira titin Muhammadu Buhari. Hausa ce harshen bariki, kuma tun 1924 a Zariya ake horar da kurata. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, an shimfiɗa shi ne domin kwasar auduga da gyaɗa. Da yaƙi ya zo, layin da ke ɗaukar audugarmu shi ya ɗauki samarinmu.

Fagen farko shi ne gabashin Afirka, inda aka kara da Italiya. Birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka kuma bi abokan gaba har Harar ta ƙasar Habasha a watan Maris. Bayan nan, a 1943, aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, domin yaƙar Japan a Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Tambarin runduna ta 81 gizo ne baƙi. Na runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Ku lura da gammon nan. Dazuzzuka da duwatsun yankin Arakan ba su da hanyar mota, saboda haka aka ɗebi dubban mutane aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da magani a ka. Sojoji ne masu lamba, suna shiga inda masu bindiga suke shiga, harsashi kuma bai san bambanci ba. Abokin Baba yana cikinsu.

Runduna ta 81 ta yi yaƙinta a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta sare daji da adda da diga ta fitar da hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70, abincinta kuwa daga jirgin sama ake jefo mata. An kuma ware bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da mayaƙan Chindit na Janar Wingate, waɗanda ake saukewa a bayan abokan gaba. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Mu mutanen Katsina muna da wani abin tunawa na musamman: Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gano sojojinmu a can. A gida kuwa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ke kawo wa iyaye labarin yaƙi. Yawancin waɗanda suka tsira sai a 1946 suka ga gida.

BARIKI YA SAMI SUNA, SOJA BAI SAMU BA

Kowa a nan ya san barikin Chindit a Zariya. Kowa ya san Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas. Sau nawa muka wuce ta gabansu ba mu tambayi ma'anar sunayen ba? Ban da Chindit, wanda sunan runduna ne, sauran duk sunayen wurare ne a Bama inda mutanenmu suka yi yaƙi. Wato mun riƙe sunan dajin da aka zubar da jini, mun manta sunan mai jinin. Ɗaiɗaiku ne suka tsira daga wannan mantuwa, irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda ya yi yaƙin duniya duka biyu, aka kuma sa wa barikin Lokoja sunansa.

Turawa su ma suna da nasu laifin, kuma sun amsa shi da bakinsu. A 1917 suka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, bisa alkawarin cewa za a tuna da kowane mamaci da sunansa ba tare da duban muƙami ko launi ko addini ba. A watan Afrilu 2021 wani kwamiti da hukumar ta naɗa da kanta ya ba da rahoton cewa an saɓa wannan alkawari. Aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, watakila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba. Sakataren tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Haka kuma takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa a kuɗin sallama bayan yaƙi na biyu, farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata mai irin muƙaminsa kuwa sule 3 da sisi.

Duk da haka, a yaƙi na biyu an rubuta sunaye da dama. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon wanda da ake kira Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Nijeriya da yawa a ciki. Hukumar ta sa sunayen a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Wanda ya duba zai ga wani abu da zai taimake mu: akawun soja yakan rubuta sunan yanka na mutum, sa'an nan ya liƙa masa sunan garinsu ko ƙabilarsa a matsayin suna na biyu. Saboda haka za ka ga wane Katsina, wane Zariya, wane Sakkwato. Amma wannan gatari ne mai baki biyu, domin wanda ya fito daga ƙauyen Bakori ko Ƙafur ana iya rubuta shi Katsina kawai, wani kuma ya gudo daga gida ne ya ba da sunan da ba nasa ba. Takarda ita kaɗai ba za ta gane su ba, sai an haɗa da bakin dangi. Ga shi kuwa sunan yana can Bama a jikin dutse, dangin suna nan, babu wanda ya haɗa su.

TAMBAYOYI UKU DA NA SAN ZA A YI

Na yi wannan magana da abokai kafin yau, kuma na sha suka iri uku. Gara in amsa su tun kafin a ɗaga hannu.

Na farko ya ce, wannan al'adar majami'a ce, mu ina ruwanmu? Amsata ita ce, ban ce a gina gunki ba, ban ce a yi gini a kan kabari ba, ban kuma ce a ƙirƙiro wata ibada ba. Rubuta suna na ce. Malamanmu na addini suna nan, sun fi ni sanin cewa Imam Bukhari ya keɓe babi guda a cikin littafinsa domin jera sunayen mutanen Badar, kuma littattafan sira sun lissafa waɗanda suka yi shahada a Uhudu ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙabilarsa. Sayyidina Umar ya kafa diwani inda aka rubuta sunayen mayaƙa. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san cewa a Littafin Sama'ila na Biyu, sura 23, an jera sunayen jarumawan Dawuda. Mu Hausawa ma ba baƙin abin ba ne. Muna da jerin sarakunan Katsina da na Kano da na Zazzau. Gibin da ke akwai shi ne, sarki yana da marubuci da maroƙi, talaka kuwa ba shi da kowa sai jikokinsa, jikokin kuma kun ji yadda muka yi da gwangwanin Baba.

Na biyu ya ce, ai yaƙin Turawa suka yi, sojan mai mulkin mallaka ne, me za a yaba? Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Gaskiya ne rundunar Waf ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Gaskiya ne kuma ba kowa ya tafi Bama da son ransa ba: wani talauci da haraji suka kora shi, wani ƙuruciya da sha'awar kaki, wani kuwa an matsa wa hakimi ya kawo mutane, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya nuna gidan da ba shi da mai tsaya masa. To, amma wannan dalili ne na a rubuta, ba na a manta ba. Allon da nake nufi ba na yabon Ingila ba ne. Shaida ce cewa wane ɗan wane, daga gari kaza, an ɗauke shi shekara kaza, ya dawo ko bai dawo ba. In mun ƙi rubuta shi saboda fushin da muke yi da Bature, to mun taya Bature shafe shi ke nan.

Na uku ya ce, wa za a sa, wa za a bari? Nan ne nake ganin darasin allon ƙauyen nan ya fi amfani. A sa kowa, a bi haruffa. Musulmi da Kirista da Bamaguje, mai bindiga da mai gammo, direba da kuku da ma'aikaciyar jinya, ɗan asalin gari da wanda aikin jirgin ƙasa ko gidan gurzar auduga ya kawo iyayensa Funtua. Baba Soja yana salla, abokinsa ba ya yi, amma da zazzaɓi ya zo ba a tambayi wannan ba. Ƙasar nan tamu ta Funtua da Malumfashi ta daɗe da masallaci da majami'a a gari ɗaya, wani lokaci ma a zuriya ɗaya. Shi ya sa nake ganin makaranta ce ta fi dacewa da wannan allo, domin nan ne ɗan kowa yake zama benci ɗaya da ɗan kowa.

BA A BAMA ABIN YA TSAYA BA

Kada a ɗauka maganar tsofaffi kawai nake yi. Sojojinmu sun je Kwango daga 1960 zuwa 1964, can barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa. An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma saboda ranar da ya ƙare ne aka mai da ranar tunawa da mazan jiya 15 ga Janairu maimakon 11 ga Nuwamba. An je Laberiya a 1990, aka wuce Saliyo, aka je Darfur. Tun 2009 ake fama a arewa maso gabas. Mu nan kuma ba sai an ba mu labarin abin da ya sami Faskari da Sabuwa da Ɗandume ba, ko daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023, da yawa sun kwanta dama domin mu sami damar zuwa gona.

'Yan ajinmu sun san wanda ke raina a yanzu. Gadonsa na saman nawa a ɗakin kwana, shi ke tsaron gida in ana ƙwallo, kuma shi ya fi kowa iya kwaikwayon muryar malamin lissafi. Ya shiga soja bayan mun gama, ya rasu a bakin aiki a arewa maso gabas a 2018, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Ban ambaci sunansa ba domin ban nemi izinin iyalinsa ba tukuna. Mun yi ta'aziyya, mun sa hotonsa a zaurenmu na WhatsApp, mun yi karo-karo sau ɗaya. Yau in ka nemi hoton sai ka yi ta ja har yatsa ya gaji. Babban ɗansa ya kusa isa shiga sakandare. In Allah Ya kawo shi makarantar nan, ya shigo zauren nan, wane bango zai duba ya ga cewa ubansa ya zauna a nan?

ABIN DA NAKE ROƘO

Ranka ya daɗe Shugaba, ba na son in zama mai kawo kuka ba magani. Ga shawarwari biyar ina miƙa wa wannan taro.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na mutum bakwai, a sa malamin tarihi, da tsohon soja, da mace aƙalla ɗaya, da wakilin 'yan'uwanmu Kirista.

Na biyu, a fara da gida. A tattara sunayen tsofaffin ɗalibai da malaman makarantar nan da suka yi aikin soja ko na ɗan sanda, da rai ko ba rai, a rubuta su a allo na uku kusa da waɗannan biyun. Kada a sa sunan kowa sai da yardarsa ko ta iyalinsa, waɗanda ke bakin daga a yanzu kuwa a dakata da nasu saboda tsaro.

Na uku, a buɗe babban littafi na mazan jiyan ƙasar Funtua da Malumfashi baki ɗaya. A ba ɗaliban babban aji aikin hutu, kowa ya je wurin tsofaffin gidansu da tambayoyi shida: sunan mutum, sunan mahaifinsa, garinsu, shekarar da ya tafi, inda ya je, da abin da ya same shi. A fi ba tsofaffin mata muhimmanci, domin su ne ma'ajiyar sunaye. Duk wanda ya sami littafin sallama ko lamba ko hoto, ya ɗauki hotonsa da waya ya mayar wa masu shi. Lambar soja da ke jikin takarda ita ce mabuɗin bincike, kada a bar ta.

Na huɗu, a kai gaisuwa wurin Sarkin Maska da Galadiman Katsina da Makaman Katsina da sauran hakimai, a nemi su sa dagatai da masu unguwanni su taimaka. A tuntuɓi limamai da fastoci, da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Masu zama Kaduna a cikinmu su leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, na Katsina kuma su leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha.

Na biyar, kowace shekara a wannan taro a ware minti goma a karanta sunayen da aka samu, kowa ya yi addu'a yadda addininsa ya koya masa. In mun sami marayu ko gwauraye a cikin binciken, kada mu tsaya ga rubutu, asusun tallafin karatu na ƙungiya ya fara da su.

Kuɗin wannan aiki bai kai abin da muka kashe a kan abincin yau ba. Abin da yake da tsada shi ne lokaci. Yaron da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943 ya haura shekara 100 a yau. Su kam kusan duk sun tafi. 'Ya'yansu ne suka rage, su ma furfura ta gama kama su, mazan yaƙin basasa kuma kullum raguwa suke yi. Duk tsohon da aka kai makwanci ba a tambaye shi ba, ya tafi da sunaye a bakinsa.

Ni na yi alkawarin katakon allo da ladan mai rubutu. Ina kuma da roƙo guda ga 'yan'uwa mutanen Malumfashi da Ƙafur da kewaye. In kun koma gida, ku tambaya ko akwai gidan da ake ba da labarin wani saurayi da ya hau jirgi a Funtua wajen 1943, yana cikin masu ɗaukar kaya, bai dawo ba. In an same shi, gidanmu na da bashin godiya da ya kai shekara 80 ba a biya ba. In ba a same shi ba, ina roƙon kwamiti ya bar layi ɗaya a ƙarshen littafin ba rubutu, saboda shi da ire-irensa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kare waɗanda ke bakin daga, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.